Iska Kyauta a Shagon Babandi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ne Ya'akubu Babandi, mai digiri na farko a fannin nazarin harkokin kasuwanci, wanda ya rubuta kundin kammala karatunsa a kan shagunan kayan wasanni na Lafiya da kewayenta, kuma ɗa namiji tilo ga mamacin da wannan rubutu ya shafa. Na gabatar da waɗannan ne domin mai karatu ya san cewa mai magana yana riƙe da hujjar jini da hujjar ilmi a lokaci guda. Manufata biyu ce, kuma ba zan lulluɓe ko ɗaya ba: in yi ta'aziyyar mahaifina, in kuma nemi a maido da wani abu da ya bar ƙofar shagonsa, wanda rashinsa ke neman rufe shagon baki ɗaya.

A ranar Talata, 5 ga Nuwamba, 1996, da hantsi, Allah ya karɓi ran Alhaji Babandi Mai Ƙwallo a gidansa da ke Lafiya, bayan jinyar ciwon ƙirji. An sallace shi bayan azahar. Ni a lokacin ina can kudu wajen bautar ƙasa. Wani direban motar doya ne ya kai mini labari, kuma ko da na iso, ƙasar kabarin ta soma bushewa.

Baba, da kai zan yi magana yanzu, tunda a rayuwa ba mu cika samun sukunin yin ta ba.

Ina ɗan shekara biyar ka buɗe shagon nan, a 1976, shekarar da gwamnati ta baza makarantun firamare a kowane ƙauye. Sauran mutane sun ga azuzuwa da allo da alli. Kai filayen da ke bayan azuzuwan ka hango. Ka sayar da doyar da ka noma a waccan shekara, ka hau mota zuwa Anacha, ka dawo da buhunan ƙwallo da usur da raga da riguna masu lamba a baya. Dangi suka taru kallo. A zuriyarmu ta Gwandara an san noma, an san fatauci, amma ba a taɓa jin wanda ya zuba jarinsa a wasan yara ba. Ƙanenka, Baba Salmanu, shi ya faɗi abin da ke bakin kowa.

"Yaya, doya dai an san ana cin ta. Wa zai ci ƙwallo?"

Ka ce masa, "Duk wanda ya iya bugawa."

Har yau ana ba da wannan amsa a majalisun Lafiya, kuma har yau Baba Salmanu bai yafe dariyar da aka yi masa ba.

A cikin kayan da ka sauke ranar akwai wani famfon iska na ƙarfe, dogo, mai mariƙin katako, irin wanda ake takawa da ƙafa ɗaya a riƙa dannawa da hannu biyu. Ba na sayarwa ba ne. Ka kafa shi a bakin ƙofa ta hannun dama, ka kuma kafa masa doka: duk ƙwallon da aka saya a shagon Babandi, iskarta kyauta ce har ta mutu. Kakan ɗiga mata jan fenti kusa da bakin iska domin shaida. Idan mai ita ya kawo ta a sace, kai da kanka kake tashi. Ka jiƙa allurar da yawu, ka soka, ka danna, ka danna, ka matsa ta da babban yatsa, ka kai ta kunne ka ɗan ƙwanƙwasa kamar mai zaɓen kankana. Sannan ka jefa wa mai ita a ƙirji, ka ce, "Je ka, ɗana, ka ci." Yaran gari suka sa wa famfon suna Huhun Baba. Wanda ya kawo ƙwallon da ba ta da ɗigo ma ba ka korarsa. Sai dai ya sha ba'a: "Wannan a ina ka tsinto ta? Kawo, iska ta Allah ce. Amma ɗinkin nan ba zai ga Sallah ba." Kafin Sallah kuwa sai ga shi ya dawo sayen mai ɗigo.

A nan wajibi ne in yi magana da harshen fannina, domin masu ta'aziyya da dama sun yabi kirkinka, amma babu wanda ya yi wa basirarka adalci.

Sana'ar sayar da kayan wasanni sana'a ce mai raunin ƙashi. Ba abinci ba ce, ba magani ba ce, ita ce farkon abin da magidanci ke yankewa idan aljihu ya yi zafi. Cinikinta na lokaci ne: yakan tashi idan makarantu za su yi gasar shekara, ya sake tashi bayan kaka sa'ad da kuɗin doya ya shigo hannun samari, ya ɗan motsa a wasannin Sallah da Kirsimeti, sannan ya kwanta tsawon damina. Takalmin ƙwallo kuwa kabarin jari ne. Dole ka sari kowace lamba, alhali ƙafafun gari lamba biyu ko uku suke nema, sauran su zauna a kwali har fatarsu ta tsage. Da darajar naira ta rushe daga 1986, kayan waje suka gagari ɗan sari, makarantu suka daina oda, takalman gwanjo suka mamaye kasuwa. Binciken da na gudanar ya nuna cewa shagunan da suka yi zamani da naka, a nan da garuruwan maƙwabta, kusan duk sun sauya haja ko sun rufe. Wani ya koma sayar da kaset, wani ya koma robobin ruwa. Naka kaɗai ya tsaya da sunansa da kayansa.

Dalili shi ne famfon nan. Na tabbatar da haka a babi na huɗu na kundina, kuma malamaina sun amince. Illar wannan sana'a ita ce mai saye yakan zo sau ɗaya ya ɓace. Kai kuwa ka ƙirƙiro dalilin da zai dawo da shi duk mako, domin babu ƙwallon da ba ta sacewa a filayenmu masu tsakuwa. Wanda ya zo shan iska yakan tafi da safa, ko usur, ko igiyar takalmi. Malamin wasanni da ya tsaya a hura masa ƙwallo yakan tuna makarantarsa na bukatar kofi. Ka bayar da abin da bai ci maka kwabo ba, ka sayi sawun mutane na shekara ashirin. Masana a ƙasashen da suka ci gaba suna rubuta littattafai a kan irin wannan hikima. Kai da famfo da gwangwanin fenti ka aiwatar da ita.

Amma zan yi maka ƙarya idan na ce lissafi ne kawai. Na tuna shekarar da samarin garin Awe suka zo neman riguna, ba su da abin biya sai gishirin da iyayensu mata suka dafa. Ka karɓa ba musu. Muka yi wata da watanni gidanmu na rabon gishiri har maƙwabta suka fara gudunmu, mahaifiyata Inna Sabuwa tana cewa ta auri mai shago ta wayi gari a gidan fatake. Na tuna wani malamin firamare daga Obi da ya zo sayen kofin gasa, kuɗinsa bai kai ba, ka ba shi babban ka ce ya dawo da labarin wanda ya ci. Na tuna yadda kake hana yaro sayen takalmin da ya fi ƙarfin uwarsa, ka ce ya ƙara shekara yana bugawa da ƙafa, ƙafar za ta yi masa godiya. Wane ɗan kasuwa ne ke korar ciniki da bakinsa? Kai ne, kuma cinikin ya riƙa dawowa da 'yan'uwansa.

Yanzu zan faɗi abin da ba a saba faɗa a ta'aziyya ba. Baba, ina kishi. Malamai sun bambance hassada da kishi: mai hassada yana son abin wani ya lalace, mai kishi kuwa yana ganin an kai wa wani abin da yake nasa. Nawa na biyun ne, kuma ban ga dalilin jin kunyarsa ba.

Allon shagonka da Turanci aka rubuta shi, ma'anarsa Babandi da 'Ya'yansa Maza. A jam'i. Ranar da na iya karatu na tsaya a gabansa na tambaye ka ina sauran, tunda daga ni sai yayyena mata, Rekiya da Batulu. Ka nuna mini layin yaran da ke tsaye da ƙwallaye a hammata, ka ce, "Ga su nan." Ka yi dariya. Ni ban yi ba.

Kowane yaro a Lafiya ya sha iskarka ban da ni. Ka haramta mini ƙwallo tun ina ƙarami. Ka ce ka ga ƙafafun da suka karye sun fi kofunan da aka ɗauka yawa, ka ce ɗanka biro zai riƙe. Ranar da ka gan ni a bayan makaranta ina bin wata ƙwallon tsumma, ba ka doke ni ba, kallo ɗaya ka yi mini na koma aji. Na san ƙauna ce. Na san da ribar waɗannan ƙwallaye ka kai ni jami'a. Amma yaro ba ya auna ƙauna da kuɗin makaranta. Ina zaune a bayan kanta da littafin lissafi, ina jin kana ce wa ɗan wani "Je ka, ɗana, ka ci," sau goma kafin la'asar. Ni abin da ke tsakanina da kai shi ne, "Ya'u, ka gama aikin gida?"

A cikin waɗannan 'ya'ya na allo akwai wanda ya zarce kowa, kuma saboda shi ne rabin wannan rubutu. Sunansa Aper, ɗan ƙabilar Tibi ne daga wajen Obi, Kirista, tsohon mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon gari, yanzu babban dillalin doya mai rumfa a Akurba, can gefen gari. Duk Lafiya ta san muryarsa kafin ta ga fuskarsa. Ya girme ni da kusan shekara goma. Kai ka ba shi safar hannunsa ta farko. Kai ka rufe shago ranar kasuwa, abin da ba ka yi ba ranar da aka yaye ni daga sakandare, ka bi ƙungiyarsu zuwa Obi kallon wasan ƙarshe. Da ya kama bugun daga kai sai mai tsaron gida, an ce ka shiga fili da babbar riga kana ihu har hularka ta faɗi. Ni ban taɓa ganin kanka ba hula a waje ba. Da zai auri Ngodoo, kai ka zauna a kujerar uba a wajen biki. Ka kuma umarce ni in riƙa kiransa Yaya, na bi umarni, har yau ban daina ba.

Ranar da na kawo maka kundina, mai bangon shuɗi da rubutun zinariya, na buɗe maka shafin sadaukarwa inda sunanka yake. Ka shafa shi da tafin hannu, ka ce, "Madalla, Ya'u. Duk wannan a kaina?" Na ce a kan famfonka ne. Na buɗe baki zan karanta maka babi na huɗu, sai ga babur ɗin Aper ya tsaya da ƙwallayen ƙungiyar yaran da yake koyarwa a cikin raga. Ka ce, "Ajiye, ina zuwa." Ka tashi ka kama mariƙin famfo. Ba mu koma kan babin ba.

Kuma shi ne a gefenka ranar Talatar nan. Inna ta ce tun da ciwon ya tsananta kullum sai ya zo, ya tallafe ka ka zauna domin numfashi ya samu hanya. Mutumin da ya shayar da gari iska shekara ashirin, ita ce ta yi masa ƙaranci a ƙarshe. Hannun Aper ka riƙe. A kunnensa ka yi maganarka ta ƙarshe da aka fahimta: "Kada iska ta tsaya." Da aka tsaya sallar gawa ya koma bayan sahu ya tsaya shi kaɗai, ƙato kamarsa yana kuka kamar yaro, har mutane suka riƙa yi masa ta'aziyya suna wuce Baba Salmanu. Na gode masa a kan jinyar nan, godiya ta haƙiƙa. Amma da za a sayar da wannan safiya guda, da na ba da digirina na saya.

Ga abin da ya biyo baya. An rufe shago domin zaman makoki. Ranar addu'ar uku akwai wasan yara a Akurba, ƙwallaye duk a sace. Aper ya zo ya ce wa Inna zai ɗauki famfo saboda wasiyya. Mace mai takaba ba ta jayayya, ta ce ya ɗauka. Ya ɗaure shi a bayan babur ya tafi. Har yau bai dawo ba. Ya kafa shi a gaban rumfar doyarsa, yana hura wa kowa kyauta, yana jefawa a ƙirji kamar yadda ya gani. Layin da ya saba tsayawa a ƙofarmu ya koma can ɗungurungum.

Sai a dubi lokacin da wannan ya faru. Wata guda kacal kafin rasuwarka aka ba mu sabuwar jiha, Lafiya ta zama babban birni. Ma'aikata na kwararowa da iyalansu, za a buɗe makarantu, za a kafa ƙungiyoyi. Tun nasarar da 'yan wasan ƙasa suka samu a Amurka a watan Agusta, babu yaron da ba ya mafarkin riga mai lamba. A tarihin wannan sana'a ba a taɓa samun kasuwa irin ta bana ba, kuma a daidai wannan gaɓa ne shagon da ya jure shekarun yunwa yake wuni ba a taka ƙofarsa ba. Wani baƙon ɗan kasuwa da ya biyo sabuwar jiha ya riga ya gane abin da na rubuta a babi na huɗu ba tare da ya karanta ba: ya kafa teburin riguna da safa a gefen rumfar Aper, yana kwasar cinikin da iskarka ke tarawa.

Kada wani ya ce in sayi wani famfon. Na saya, sabo fil, mai agogon auna iska. Na kafa shi a daidai gurbin tsohon. Yaro ɗaya ya leƙo, ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Wannan ba Huhun Baba ba ne," ya juya. Na mayar wa wanda ya sayar mini.

Baba Salmanu kuwa ya samu abin da ya daɗe yana jira. Wani mai injin buga takardu yana neman hayar shagon domin ma'aikatan sabuwar jiha. Baba Salmanu ya ce a taron addu'ar arba'in, ranar Lahadi 15 ga Disamba, dangi za su yanke magana: idan shago bai farfaɗo ba, a karyar da kayan, a sauke allo, a ba mai haya. Ya ce mini, "Ya'akubu, marayu da gwauruwa ba sa cin tarihi. Na tambayi ubanka tun farko wa zai ci ƙwallo." A wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Na tafi Akurba da kaina. Na tarar da Aper tsakanin tulin doya, ƙafarsa ɗaya a kan famfo, yana dannawa yana ciniki da wata mata a lokaci guda. Da ya hango ni ya buɗe murya.

"A'a! Oga Digiri! Ngodoo, kawo kujera, jami'a ya zo da kansa!"

Na gaishe shi yadda aka koya mini. Na ce, "Yaya Aper, na zo a kan famfon Baba."

"Ga shi nan, yana aiki. Ka ji numfashinsa? Ko Baba yana nan ba zai ce ban shafa masa mai ba."

"Wurinsa ƙofar shago ne."

"Ƙanena, zauna tukuna, ka ci doya. Ka rame kamar igiyar takalmi."

"Ban zo cin doya ba. Ciniki ya tsaya cak, Baba Salmanu zai ba da shagon haya."

Sai ya saki mariƙin. Ya share gumi da gefen riga, ya ce da irin Hausarsa, "Ni ina wurin, kai ba ka wurin. Baba ya ce iska kar ya tsaya. Bai ce shago kar ya tsaya ba. Ni abin da kunnena ya ji shi nake yi."

"Ni ba na wurin saboda shi ya tura ni inda nake."

"Haka ne. To in na kawo, wa zai buga? Kai? Ka san inda ake soka allura? Hannun nan naka ko ƙwai bai taɓa fasawa ba." Masu doya suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya rage murya ya ce, "Ya'u, ni ban samu gona ba, ban samu shago ba, ban nema ba. Wannan ƙarfe kawai. In na kama nan, hannunsa nake ji."

Na duba mariƙin. Katakon ya lotsa a wuri biyu, daidai tafin hannunka. Na yi sallama na tafi, domin na fahimci abin da ban zo da shirinsa ba: shi ma kishi yake yi. Ni na samu suna da jini da allo, shi ya samu kalmar ƙarshe da ƙarfe. Kowannenmu yana ganin rabon ɗan'uwansa ya fi.

Sai dai fahimta ba ta soke hujja. "Ni ina wurin, kai ba ka wurin" magana ce mai zafi, amma ba ta fassara wasiyya. Mutumin da ya kafa famfo a wuri guda shekara ashirin, bai taɓa yarda a kai shi ko bakin fili ba, idan ya ce kada iska ta tsaya, iskar ƙofarsa yake nufi. Iska da shago abu guda ne: ita ke kawo mutane, shi ke sayen fentin da ake ɗigawa, shi ke ciyar da Inna. Idan aka sauke allon nan, ƙwallaye masu jan ɗigo za su mutu ɗaya bayan ɗaya, ba sababbi, har a wayi gari Aper yana hura hajar baƙo da huhunka.

Saboda haka na yi abin da ban taɓa yi ba. Jiya da safe na shiga shago ta ƙofar masu saye. Rekiya ce a kanta, ita ke zama tun da aka sake buɗewa bayan makoki. Na nuna ƙwallon fata da ke saman kanta, mai lamba biyar, na ce nawa.

"Ya'u, lafiyarka? Shagon ubanka ne fa."

"Shi ya sa. Nawa?"

Ta faɗa, na biya ban nemi ragi ba. Na ce ta ɗiga mata fenti. Ta ɗauko gwangwaninka, fentin ya fara daskarewa, ta motsa shi da tsinke, ta ɗiga. Yau ina da shekara ashirin da biyar, na mallaki ƙwallona ta farko. Ka yafe mini saɓa umarninka, Baba, karatun da ka ce in gama na gama. Tana nan yadda ta fito daga leda, a lotse, ba ta taɓa shan iska ba. Kuma bisa dokar da ka kafa da bakinka, wadda duk Lafiya shaida ce a kanta, duk wanda ya sayi ƙwallo a shagon Babandi yana da haƙƙin iska kyauta, daga wannan famfo, a wannan ƙofa.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Babandi ɗan Gwandara. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci, ka musanya masa ƙuncin ƙirjin da ya sha da iskar Aljanna. Ka sanya kowane numfashi da ya ba 'ya'yan mutane kyauta a ma'aunin alherinsa. Ka gafarta masa kurakuransa, ka haskaka bayansa, ka kyautata namu ƙarshen idan ya zo.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyata Inna Sabuwa, wadda ta yi zaman haƙuri da mutumin da gari ya raba da ita; ga yayyena Rekiya da Batulu, waɗanda allo bai ambata ba alhali su suka fi kowa share ƙasansa; ga Baba Salmanu, wanda na san tsoron yunwar marayu ne ke magana da bakinsa; ga dangi na Lafiya da na ƙauye; ga malaman wasanni na Obi da Awe da suka yi takakkiya; da dukan waɗanda aka taɓa jefa wa ƙwallo a ƙirji. Ku na ƙarshen nan, ban so ku zama 'yan'uwana ba, amma shi ya so, kuma na ga hawayenku. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Sai kai, Yaya Aper. Ina yi maka ta'aziyyar ubanka, kuma wannan ne karo na farko da na kira shi haka a gabanka ba da umarni ba. Ba na neman raba ka da mariƙin nan. Ka dawo da famfon gurbinsa, ka zo ka riƙa dannawa duk yammacin da ka samu sarari, ni in riƙe kanta, ka kuma nuna mini inda ake soka allura. Idan ka ga ba haka ba, ka faɗi dalilinka. Amma a rubuce nake so, da sa hannunka, domin ka yi shekaru kana tare ƙwallo, na kuma ga yadda ka iya tare magana da doya da dariya. Ka yi sakandare, ka iya biro.

Ƙwallona tana kan kanta tana jira. Ranar da ka hura ta, ka jefo mini ita a ƙirji yadda ya saba yi muku. Ban taɓa tare ƙwallo ba, amma wannan ba za ta faɗi ƙasa ba. Kalmomin da ke biyo bayan jifar kuwa ba na neman su a bakin kowa, mai faɗarsu ya tafi da nawa. Ina jiran amsarka a rubuce, a hannun Rekiya a shago, kafin sallar Juma'a ta ranar 13 ga Disamba, 1996, tun allon yana sama.

Ya'akubu Babandi
Shagon Babandi da 'Ya'yansa, Lafiya